Askar Babana da Dafin Kububuwa

Kaka biyu na yi ina aiki ƙarƙashin wani mutum da har yau idan na tuna shi sai bakina ya yi tsami. Ɗan Tasawa ne, can aka binne cibiyarsa, kowa ya san gidansu a bayan kasuwa, tsofaffi da yawa kuma sun sha furar uwarsa. Ya je ƙasar Turawa ya karanto ilimin sinadarai, ya dawo da tabarau da ɗan tsinin gemu da wata irin tafiya ta mai tsoron kada ƙasa ta ɓata masa takalmi. Lokotoro muke ce masa, ko da yake bai taɓa yi wa kowa magani ba. Ni a lokacin ina ɗakin awon jini na wani gidan likita a yankin Mayahi, sai aka ba shi aro na kamar yadda ake ba maƙwabciya aron turmi, ba wanda ya tambaye ni.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, don kada a ce ƙiyayya ta rufe mini ido: ya san aikinsa. Akwai wasu sinadarai a jikin kowane mai rai waɗanda ba su da sana'a sai yanka. Shi yana ce musu furoteyaz, ni kuwa a raina almakashi nake kiransu. Su ne a cikinmu suke narkar da naman da muka ci, su ne a ganyen gwandar da ake naɗe naman tsohuwar saniya da shi don ya yi taushi. In sun yanka inda ya kamata, lafiya lau. In sun wuce gona da iri, sai cuta. Dafin kububuwa cike yake da irinsu. Suna huda bangon jijiya, suna kuma cinye abin da ke sa jini ya yi guda har ya ƙare ƙaf. Lokotoro yana neman sinadarin da zai dakushe su, wanda wata rana manomi zai iya haɗiyewa tun yana gona. Ni ma na so ya samu, har yanzu ina so.

Duk wanda ya yi noma tsakanin Gidan Amumune da Issawane ya san kububuwa. Ƴar guntuwa ce mai launin ƙasa, tana son kwanciya ƙarƙashin harawa da dammunan gero. Ba banza ake ce mata gobe-da-nisa ba. Wanda ta sara zai tashi ya taka da ƙafarsa, ya ci tuwo, ya yi raha, kowa ya ce an auna arziki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai dasashi ya fara zubar jini, fitsari ya yi ja, tsohon tabon da aka manta da shi ya buɗe. Aikina shi ne in ɗebi jinin duk wanda aka kawo, in zuba kaɗan a busasshiyar ƴar kwalbar gilashi, in ajiye ta minti ashirin ba taɓawa, sannan in karkata ta. Jinin mai lafiya zai tsaya guda. Na wanda dafi ya ci kuwa sai ya gangaro kamar zoɓo, a nan majo, shugaban masu jinya, zai san sai an ɗaura maganin dafi. Sauran jinin in liƙa masa lamba in sa a firijo, wannan na Lokotoro ne.

Ba ya yi wa majinyaci magana sai da Faransanci, ni in fassara. Tsoho zai ba shi amsa tiryan-tiryan, shi kuwa ya kafa wa rufin ɗaki ido kamar ba a yi magana ba, sai na mayar masa da ita harshen Nasara sannan ya gyaɗa kai ya rubuta. Da fari na ɗauka Hausar ce ta gudu masa da gaske, har tausayinsa na ji, don ni ma wawuya ce a lokacin.

To, babana wanzami ne. Shi ne Sarkin Askar ƙauyenmu, can arewa da Gidan Amumune, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Na tashi ina wanke masa ƙahonni, ina alfahari idan na ga manyan mutane sun sunkuyar da kai gabansa. Duk wanda maciji ya sara a karkararmu, wurinsa ake fara kai shi. Zai ɗaure ƙafar da igiya, ya fiddo aska daga zabira, ya yi tsaga kewaye da saran, ya kafa ƙaho ya zuƙe, baƙin jini ya fito, dangi su yi ajiyar zuciya su ce dafi ya fita. Sai an ga jinin ya ƙi tsayawa, zane na biyu ya jiƙe, sannan a nemi amalanke a nufo mu.

A ɗakin awo na fara gane abin da ban so ganewa ba. Waɗanda suka zo da tsaga su ne suke zuwa fari fat, leɓe a bushe, su ne kuma aka fi fita da su a rufe. Mutumin da jininsa ba ya yin guda, ka ƙara masa ƙofofi shida da aska, me kake jira? Kuma na san hannun babana kamar yadda ake sanin rubutun malami. Gajeru yake yi, a jere, tsaf, ba karkata. Nakan ɗaga zane in gan su, in ɗebi jinin. Lokotoro kuwa idan ya ga mai tsaga har wani annuri yake yi, don yana kwatanta masu tsaga da marasa ita a takardunsa. A gabana yake kiran wanzamai mahauta. Ran da na gaya masa cewa mahaucin da ya fi aiko masa mutane ubana ne, ko kunya bai ji ba, cewa ya yi ashe ya yi sa'a.

Abin da nake so bai fi ɗaya ba: Baba ya daina sa aska a saran kububuwa kafin ya ƙara kashe wani. Amma ɗiya mace ba ta koya wa ubanta sana'ar da ya gada, balle wanzanci da mata ko zabirar ba su taɓawa sai an ce su miƙo. Na bi ta wajen Inna, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ke, rufa mini asiri,” in ji ta. “Shekara nawa ina gidan ga ban taɓa sa baki ga aikinai ba, sai yau in ce mishi bai iya ba? Tahi ki hwaɗa mishi da bakinki, tunda ke kinka yi boko a lakwal.”

Sai na koma wa Lokotoro. Na ce namiji ne, babba, mai farar riga. In ya zauna da Baba tsawon shan shayi ɗaya ya faɗa masa abin da kwalaben nan suke nuna mana kullum, zai ji. Ya ce wannan ba aikinsa ba ne, shi mai bincike ne. Na yi ta naci har na gaji. Ran nan kwatsam ya ce in shirya mu je. Daga baya na gane hoton kayan wanzanci yake so, zai nuna a wani taro.

Baba ya ji babban baƙo zai zo, ya sa aka yanka zabi biyu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure, ya sa rigarsa ta Idi. Lokotoro ya shigo ya taka bakin tabarmar da takalmi, sai da aka nemo masa kujera. Furar da Inna ta dama da nonon safe ko faifan bai ɗaga ba. Ya sa aka baje aska da ƙahonni, ya yi ta ɗaukarsu da salula, ta nan, ta can, har da durƙusonsa, shi da bai durƙusa ya gaida mai gidan ba. Yana tambaya da Faransanci, ina fassarawa: tsaga nawa ake yi, zurfinta yaya, wane ƙaho ne na ƙafa. Baba yana amsawa da murna, yana gwadawa a damtsensa. Ina jira in ji maganar da ta kawo mu, shiru. Na ga ya fara duba agogo.

A nan wata dabara ta faɗo mini, kuma har yau ban yi nadamarta ba. Lokotoro ya ce wani abu wai bayanin ya ƙayatar da shi, ni kuwa na juya wajen Baba na ce:

“Baba, Lokotoro ya ce a hwaɗa muku, sun auna sun gani, wanda kububuwa ta sara in anka yi mishi tsaga jinin bai tsayawa. Ya ce don Allah ku bar tsagar, a riƙa kai su likita tun da wuri.”

Ban rufe baki ba na ji wata murya da ban taɓa ji ba ta fito daga cikin gemun nan. Hausa ce tsantsa ta Tasawa, har da lanƙwasar ƴan bayan kasuwa.

“A'a, Baba, wallahi ni ban ce hakan ga ba. Wane ni in koya ma Sarkin Aska aikinai? Mu koyo munka zo. Ku dai ku ci gaba yadda kunka gada, in kun gama ku aiko muna su.”

Wata da watanni ina yi wa mutumin nan tafinta, ashe yana ji yana kallona. Hausar da bai iya ba don ya ce wa mai ciwo sannu, ga ta ta dawo masa garau don ya ƙaryata ni gaban ubana. Baba ya dube ni, ya yi ƴar dariya saboda baƙo, ya ce, “Ashe ɗiyar tawa ta iya ƙarin gishiri.” Na san dariyar nan, tun ina ƙarama nake tsoronta.

Muna shiga mota Faransancin ya dawo. Ya yi mini bayani a tsanake, irin wanda ake yi wa mai taurin kai. Baba ne ya fi kowa aiko masa mutane, in aka ɓata masa rai zai daina. Kuma in aka canza al'ada ana tsakiyar bincike, kwatancen masu tsaga da marasa tsaga ya lalace. Wai in an gama za a tara wanzaman yankin duka a wayar musu da kai. Na ce kafin nan mutum nawa za su tsiyaye? Ya ce, “Madam, kin cika sa zuciya a aiki,” ya ƙara muryar rediyo. Har ya kwashe kwalabensa ya bar ƙasar ban ga taron ba, ban kuma ji wanda ya gan shi ba. Tun daga ranar na raina shi, raini irin wanda ba ya buƙatar zagi. Ina gaishe shi, ina yi masa aiki, amma ko tari ya yi sai in ji ƙarya ce.

Ziyarar ma ɓarna ta ƙara. Labari ya bazu cewa babban lokotoro ya taso tun daga Turai don ya ɗauki hoton askar Sarkin Aska, ya kuma ce koyo ya zo. Mutane suka riƙa zuwa wurin Baba har daga wajen garin Cake. Baba ya daina yi mini magana in ban da amsa gaisuwa, ita ma a gajarce. Duk da haka ban taɓa ɗora masa laifi a raina ba. Nakan ce tsoho ne, bai sani ba, abin da ya tarar ke nan, yana zaton ceto yake yi. Duk rainin da nake da shi na tara shi a kan mai tabarau, wanda ya sani ya yi shiru.

A kaka ta biyu, wata safiya da hantsi ina jera kwalabe, salulata ta yi ƙara. Matar yayana ce, tana kuka. Kububuwa ta sari Yaya a ƙafa yana ɗaga harawar wake, an ɗauko shi an kawo gida wurin Baba.

Yaya shi ne ɗan farin Baba, shi zai gaji zabira. Bisa al'ada Baba bai taɓa faɗin sunansa ba, ba ya cin abinci da shi, ba ya yabonsa. “Wancan” yake ce masa, ko “yaron ga”, alhali Yayan har ya haifi ƴaƴa biyar. Na ce wa matar ta ɗauke zabirar ta ɓoye, ta jefa ta rijiya in ta kama. Ta ce wane ita. Na kwashi bandeji da auduga iya abin da jakata za ta ɗauka, na tare ɗan kabu-kabu, na ce ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Hanyarmu yashi ce, babur yana ta wutsil-wutsil, ni kuwa ba na ganin komai sai ƙafar Yaya da tsagogi a jere suna ɗiga.

Mun wuce rabin hanya sai muka hango amalanken shanu yana tahowa. Baba ne da kansa yake kora, yana dukan shanun da bai taɓa yarda a daka ba, kansa ba hula. Ban taɓa ganin kan babana a buɗe a waje ba sai ranar. Yaya yana kwance a baya, yana gumi, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Na diro tun babur bai tsaya ba, na yaye zanen.

Ƴan ɗigo biyu ne kawai a bayan idon sawu. Ba tsaga, ba zoben ƙaho, ko igiya ba a ɗaura ba. Na duba amalanken, zabirar ma ba ta ciki.

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Ƙwalla ta cika mini ido, na ce a raina ashe maganata ta shiga, ashe fushin nan duk kunya ce ta tsoho. Na durƙusa a cikin yashi na ce, “Baba, ashe kun ji maganata.”

Ya dube ni sama da ƙasa.

“Wace magana taki? Ke za ki koya mini jini? Tun ba a haihe ki ba nike zubda shi. Na san wanda ka tsayawa, na san wanda bai tsayawa. Na kububuwa bai tsayawa.”

Na ji kamar ban ji daidai ba. Na ce, “To, Baba, ɗiyan mutane hwa?”

“Su iyayensu ka kawo su, su ce in yi. In na ƙiya, su ce Sarkin Aska ya tsuhwa, su wuce wurin wani da bai kai ni sauƙin hannu ba. Ni ƙanana nike yi.” Ya kau da kai wajen shanun. “Ɗauki wancan ki tahi da shi, rana na yi.”

Ya faɗe ta kamar yana faɗin farkon damina, ba rawar murya. Shekara biyu ina kare shi da jahilci, ashe ya fi ni sani, ya fi Lokotoro daɗewa da sani. Shi wancan don takardunsa ya yi shiru, wannan don kada a ce ya tsufa. A kan hanyar nan girman babana ya zube a idona, kuma na ji zafin zubewarsa fiye da duk abin da baƙo ya taɓa yi mini. Muka ɗora Yaya a babur tsakanina da direba, na rungume shi ta baya, muka bar tsohon tsaye da shanunsa.

Jinin Yaya ya gangaro a kwalba kamar na kowa. Majo ya ɗaura maganin dafi nan take. Da yake ba wata ƙofa da aka buɗe masa, bai zubar da komai ba sai ɗan abin da ya fito a dasashi. Washegari na karkata kwalba na ga guda ya tsaya, na zauna a ƙasan ɗakin awo na yi kuka. Lokotoro shi ma ya yi murna, wai bai taɓa samun jinin marar tsaga mai tsabta haka daga wannan karkarar ba, ya sa na ƙara ɗibar masa kwalba biyu. Bai tambayi ko wane ne ba, ni ma ban gaya masa ba.

Bayan mako guda muka mayar da Yaya gida, na ɗauki hutu na bi shi. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, ƙafar tana kan matashi da sauran kumburi, ƴan barka suna ta shigowa. Baba yana zaure da maza, ina jin muryarsa yana amsa addu'a.

Cikin matan da suka zo akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ta goye ni ta goyi Yaya, Iya muke ce mata. Ɗa namiji ɗaya Allah ya bar mata, shi ke noma mata. Kakar da ta wuce kububuwa ta sare shi, ita da kanta ta kawo shi zauren Baba, ni kuma na ɗebi jininsa kwana biyu bayan haka, lokacin da ba sauran abin ɗiba sosai. A gidan likitarmu ya cika. Ba ta taɓa zargin kowa ba, har goro ta aiko wa Baba bayan addu'ar bakwai, wai ya yi iya ƙoƙarinsa.

Ta zauna kusa da Yaya da ƙyar, ta yi masa barka, ta ce bari ta ga ƙafar. Ta ɗauke ta a hannu biyu kamar jariri. Idonta ya yi rauni, sai ta riƙa shafawa da yatsa, daga idon sawu zuwa ƙwauri, ta juya ta, ta sake shafawa. Ta daɗe tana yi. Can ta ɗago ta dube ni, ba Inna ba, ba matar Yaya ba, ni, don ni ce ƴar likita, ni ce ba a sani da ƙarya ba.

“Ɗiyata,” ta ce, “ina tsagar? Ban ji ta ba.”

Na san amsar, tana bakina, gajeruwa ce. Da na faɗe ta, kafin la'asar ta gama ƙauyen, kafin kasuwa ta ci ta gama karkarar, kuma ba uwar da za ta sake kai ɗanta zauren nan da saran maciji. Abin da na shekara biyu ina roƙon maza su yi ke nan, ga shi an ɗora mini a tafin hannu. Inna ta daina dama furar da take damawa. Daga zaure na ji Baba ya yi gyaran murya.

Na ce, “Tana nan, Iya. Kumburi ne ya ɓoye ta.”

Ban taɓa raina wani mahaluki kamar yadda na raina kaina a wannan lokacin ba, kuma rainin bai tafi ba har yau da nake rubuta wannan. Iya ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya bar mana Sarkin Aska. Sannan ta jawo gefen zane ta rufe masa ƙafar a hankali, ta ce a kula kada ƙuda ya zauna a kan tsagar.